Sayen gida a Turai ba ya ba da izinin zama kai tsaye

An daɗe ana cewa wanda ya sayi gidan hutu a Faransa ko Sifen ya samu izinin zama ke nan, motarsa mai lambar waje ma za ta zauna can yadda ya so. Masu faɗa suna da uzuri, domin wasu ƙasashe kan ba masu zuba jari izinin zama.

Amma takardar gida daban, izinin zama daban. Mai bizar ziyara ta Shengen (rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Faransa da Sifen) kwana 90 kawai yake da su cikin kowane kwana 180, ko da gidan nasa ne. Wanda ke son wuce haka sai ya nemi bizar dogon zama tun kafin ya taso.

Mota kuwa, ana barin baƙo ya shigo da ita na ɗan lokaci, yawanci wata 6. Da zarar ya zama mazaunin ƙasar, dole ya yi mata rajista da lambar can.

Mai shakka ya duba kwanakin da ke kan bizarsa, ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar a rubuce, kada ya tsaya ga maganar dillali. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.