Da gaske mutanen zamanin da ba sa wuce shekara 30?

Ana cewa a da shekara 30 kawai mutum yake yi a duniya. Haka ne?

Lissafin daidai ne, fahimtarsa ake kuskurewa. Wajen 1900, matsakaicin tsawon rai a duniya bai wuce shekara 32 ba. Amma shi matsakaici haɗa shekarun kowa ake yi a raba. A ce 'ya'ya biyu, ɗaya ya rasu kafin ranar suna, ɗayan ya kai 70. In an raba, 35 ke nan, alhali babu wanda ya mutu yana 35 a cikinsu. A zamanin da, kusan jariri ɗaya cikin huɗu ba ya cika shekara, kuma kusan rabin yara ba sa kai 15. Wannan wabin shi ke jawo adadin ƙasa.

To wanda ya tsallake ƙuruciya fa?

Da yawa sukan kai 60 ko su haura. An haifi Nana Asma'u a 1793, ta rasu a 1864. Sai dai haihuwa da yunwa da annoba sun fi ɗibar manya a lokacin fiye da yanzu.

Me ya sauya?

Tsabtataccen ruwa ne a gaba. A 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara a Landan har zuwa wani famfo guda a titin Broad. Sai rigakafi: Edward Jenner ya gwada na agana a 1796, kuma a 1980 aka ayyana kawar da cutar daga duniya. Penisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda aka gano a 1928, ya yaɗu a shekarun 1940. Kada kuma a raina ruwan gishiri da sukari, domin ya ceci miliyoyin yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishirin in ya yi yawa yana cutar da yaro, don haka a auna.

Adadin yana komawa baya?

Ƙwarai. Murar 1918 ta rage wa Amurka kimanin shekara 12 cikin shekara guda. Korona ma ta saukar da na duniya daga kusan 73 a 2019 zuwa wajen 71 a 2021.

Iyakar ran ɗan Adam ta ƙaru?

Ba sosai ba. Jeanne Calment ta Faransa ta rasu a 1997 tana da shekara 122, kuma har yau ba a tabbatar da wanda ya kamo ta ba.