Waiwaye kan kuɗin yaƙi da ƙanjamau, da inda ya kamata ɗan abin da ya rage ya je a Kebbi

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 zai tuna lokacin da ko sunan ciwon nan ba a son kamawa, kabari salamu alaikum ake ce masa, mutum na ramewa sai a fara nuna shi da baki, ko da tarin fuka ne ke cinsa. A 1986 aka fara ba da rahoton ƙanjamau a Najeriya, kuma shekaru da dama bayan nan abin da talaka ke samu bai wuce faɗakarwa a rediyo da fasta a bangon asibiti ba, magani kam sai mai hannu da shuni.

A da, jinin mata masu zuwa awo a wasu zaɓaɓɓun asibitoci ake gwadawa, da shi ake ƙiyasta na ƙasa baki ɗaya. A 1991 an samu kashi 1.8 cikin ɗari, kafin 2001 ya kai 5.8, hankalin kowa ya tashi. A shekarar ne shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafin kuɗi, alkawarin da har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Zamanin Obasanjo aka fara shirin ARV, maganin da ke danne ƙwayar cutar, a 2002, aka mayar da shi kyauta a 2006, NACA mai kula da yaƙi da ƙanjamau a ƙasa ta zama cikakkiyar hukuma a 2007, amma fa ƙarfin aikin daga waje yake, shirin tallafin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR da Shugaba Bush na Amurka ya kafa a 2003 da kuma asusun tallafi na duniya, wato Global Fund. Lokacin kuɗi ko'ina ake watsa su, taron bita, gangami, riguna da huluna ranar 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya, kuma gaskiya ya yi ranarsa, shi ya sa mutane suka fara iya maganar a fili.

Abin da ya juya komai shi ne binciken gida-gida na 2018, wanda Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris 2019. Kashi 1.4 aka samu cikin masu shekara 15 zuwa 49, masu ɗauke da cutar a ƙasar baki ɗaya kuma mutum wajen miliyan 1.9, ƙasa sosai da yadda ake zato. Akwa Ibom da Binuwai da Ribas su ne a sama, mu Arewa maso Yamma muka zo ƙarshe da 0.6. To daga nan masu ba da tallafi suka ƙara karkata ƙarfinsu can inda cutar ta fi yawa, kuma ni ban ga laifinsu ba, inda wuta ta fi ci nan ake fara kai ruwa. Sai dai 0.6 ɗin nan mutane ne masu rai da iyali, kuma ba a baje suke daidai ko'ina ba.

Sai ga Janairun 2025, Trump ya dakatar da tallafin ƙasashen waje, hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ta wargaje, kowa ya ga irin rataya da muka yi da aljihun wani. Yanzu ɗan abin da ke hannu dole a zaɓi inda za a sa shi.

Ni dai a ganina wuri na farko ɗakin awo ne. Mai ciki da ke ɗauke da cutar in ba ta shan magani, cikin jarirai ɗari 15 zuwa 45 na iya kamuwa, ta ciki ko wajen haihuwa ko ta nono, in kuwa an gano da wuri tana sha yadda ya kamata sai ya sauko ƙasa da 5. Gwajin ma ba wani abu ba ne, a ɗan soki yatsa a ɗiga jini kan 'yar takarda, minti kamar 15 an ga sakamako, layi ɗaya ko biyu. Matsalar ita ce yawancin matanmu a gida suke haihuwa hannun ungozoma, wasu ko awon ba su zuwa, don haka in ba a jawo ungozomomin nan cikin aikin ba wallahi an bar mafi yawa a baya. Na biyu wuraren da matafiya ke kwana, irin tashoshin manyan motoci na Jega da Koko da bakin iyaka a Kamba, a kai gwaji da kwaroron roba can cikin sirri ba tare da tozarta kowa ba, sannan matan da 'yan bindiga suka raba da gidajensu, waɗanda yunwa ke jefa wasunsu cikin halin da ba su so.

Bara ƙanwata ta je awo wani ƙaramin asibiti a ƙauyen mijinta, tun safe take zaune kan benci da katinta a hannu, goyo a baya. An auna ta, an duba hawan jini, da aka zo gwajin sai malamar ta ce, “Yi haƙuri baiwar Allah, kayan sun ƙare, ki dawo wani watan.” Kuɗin mashin zuwa da dawowa ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, ga damina ta cinye hanya. Ba ta koma ba, a ɗaki ta haihu, kuma sai bayan suna da ta zo Birnin Kebbi wankan jego na kai ta aka yi mata gwajin.