Ma'anar "tubles": tayar keken hawan dutse da ake yi wa fassarar da ba tata ba

Kwanakin nan duk inda ka leƙa ana zancen keken hawan dutse, kalmar "tubles" za ka ji. Tana bakin masu sharhin tsere, tana cikin bidiyoyin masu tallar kaya, har wanda bai taɓa kwance taya da hannunsa ba ya iya furta ta. Abin da ya tayar min da rubutun nan shi ne wani mai gabatar da shirin wasanni da na ji yana yi wa masu sauraro bayani, cikin cikakken tabbaci, cewa tubles ita ce "tayar da ba ta faci". Bai tsaya nan ba, ya ƙara da cewa ba a ma buga mata iska. Duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai jawo wa mutum wahala, domin wanda ya gaskata shi zai fita tsauni ba famfo ba kayan gyara, ya dawo yana turin keke.

Kalmar daga Turanci aka aro ta, gaɓa biyu ce a haɗe: ta farko tif, wato robar nan da ke cikin taya tana riƙe iska, ta biyu kuma ɗafi ne mai nuna rashi. Ma'anarta ke nan kaf: babu tif. Ba ta ce komai game da ƙaya ko ƙusa ba. Iska tana nan ciki kamar kullum, sai dai tayar da kanta tare da rim su ne suke riƙe ta. Tayar da ba a buga wa iska wani abu ne daban, roba ce cushe, kuma ba ita ake hawa a tseren dutse ba. Akwai kuma "tubula", wadda kamannin suna ke sa a cakuɗa ta da tubles, alhali ita tana da tif, an ɗinke shi ne a cikin tayar sannan a manna ta kan rim da gam.

Matsalar sunan da aka gina kan rashin abu ita ce yana sa mai ji ya ɗauka an rage kaya, an sauƙaƙa. To, tif ba zaman banza yake yi a cikin taya ba. Da ka cire shi, aikinsa bai tafi ko'ina ba, rabawa aka yi. Ramukan da sifok ke shiga ta cikin rim sai an liƙe su da tef na musamman, in ba haka ba ta nan iskar za ta sulale. Bawul, wanda a da yake manne da tif, yanzu shi kaɗai ake ɗaurawa a jikin rim, da roba a gindinsa da noti a waje. Leɓen taya dole ya zauna daram cikin gurbinsa a rim, ba gurbin da iska za ta bi. Sannan ga ruwan toshiya da ake zubawa ciki, wanda galibi ruwan roba ne da aka cakuɗa da ƙananan ɓarɓashi. Abu ɗaya aka cire, huɗu suka gaje shi.

Tarihin ma yana taimakawa wajen gane inda ruɗanin ya samo asali. Tayar iska ta keke ta bazu ne bayan John Boyd Dunlop ya ƙera ta a Belfast a 1888, kuma sama da shekara ɗari tif ne ke mulki a kekuna. Motoci sun rabu da shi tun shekarun 1950. Keken dutse kuwa sai a 1999 kamfanin Mavic na Faransa, tare da Michelin da Hutchinson, suka fito da tsarin da suka kira UST. A wannan tsari rim ɗin ba shi da ramukan sifok ta ciki, tayar kuma an shimfiɗa mata roba mai kauri ta yadda za ta riƙe iska ko ba a zuba mata komai ba. Ta yi aiki, amma tana da nauyi. Farkon shekarun 2000 wani Ba'amurke, Stan Koziatek, ya shahara da tef da ruwan toshiyar da ake mayar da rim na yau da kullum ya zama tubles, sunan kayansa Stan's NoTubes. Wannan hanya ce ta yi rinjaye. Yawancin tayoyin da ake kira tubles a yau jikinsu ba shi da kaurin na UST, iska na iya tsatsowa ta fatarsu sai ruwan ya bi ya liƙe. Shi ya sa idan ka ga haruffan TR ko TLR a gefen taya, abin da suke nufi shi ne tayar za ta iya aiki ba tif idan an haɗa ta yadda ya kamata. Sabon keke da yawa yana fitowa da wannan tambari alhali tif na kwance a ciki, mai shi kuma yana ta gaya wa mutane tubles yake hawa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna, domin a nan ne masu cewa "ba ta faci" suke ɓoye wa mutane ainihin amfanin abin. Faci a keken dutse iri biyu ne. Na farko kowa ya san shi: ƙaya ko tsinin waya ya huda taya ya taɓa tif. Na biyu shi ne wanda mahaya ke kira saran maciji, kuma wanda bai fahimci wannan ba bai fahimci tubles ba.

Ka ɗauka kana gangarowa daga tudu da gudu, sai tayar baya ta daki gefen dutse mai kaifi. A wannan ƙiftawar ido tayar tana lotsawa gaba ɗaya har ta kai ga rim. Tif yana tsakani. Dutse ta ƙasa, gefen rim ta sama, sai su datse shi kamar yadda ƙofa ke datse yatsa. In ka fito da tif ɗin za ka ga huji biyu a jere, kusa da juna, sak wurin da haƙoran maciji suka shiga, daga nan sunan ya fito. Ka juya tayar ka duba ta ciki da waje, ba ƙaya, ba ƙusa, ba abin da ya shige ta. Rim ɗinka ne ya yanka tif ɗinka. Kuma irin wannan faci ba a hankali yake sacewa ba, nan take tayar ke kwantawa, sau da yawa a daidai wurin da ya fi hatsari a rasa ta.

Maganin saran maciji ga mai tif ɗaya ne: ya ƙara iska, tayar ta yi tauri yadda ba za ta lotsa har rim ba. Nan ne aka gudu ba a tsira ba. Taya mai tauri a kan kwalta lafiya lau, amma a kan tsakuwa da saiwoyi da duwatsu sai ta riƙa tsalle. Duk lokacin da ta yi tsalle ta rabu da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ba ta jin birki, ba ta jin kwana, ba ta tura ka gaba. Girgizar kuma duk a hannunka da bayanka take ƙarewa. Taya mai laushi kuwa tana rungumar dutse, ta lanƙwashe ta bi siffarsa, faɗin robar da ke kan ƙasa ya ƙaru, haƙoranta su kama. Shekara da shekaru mahayin dutse yana tsakanin waɗannan biyun: ya sassauta iska ya sami riƙo amma ya sha saran maciji, ko ya cika iska ya tsira da tif amma keken ya riƙa zamewa.

Cire tif shi ya warware wannan ƙulli. Yanzu babu tif ɗin da rim zai datse. Mahayin da a da yake buga psi 30 (psi ma'aunin ƙarfin iskar taya ne) ko sama don tsoro, yanzu yana iya sauka wajen 20 zuwa 25, gwargwadon nauyinsa da faɗin tayarsa da irin ƙasar da yake bi. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ga kamar 'yan lambobi ne kawai. A kan keke bambancin a fili yake, musamman a hawan da ƙasarsa ke zamewa da kuma kwana mai tsakuwa, inda a da tayar gaba ke sullewa ba sallama. A ganina wannan ne dalilin da ya sa tubles ta cancanci wahalarta, kuma yana ba ni haushi yadda masu talla ke tsallake shi su kama zancen ƙaya, don shi ya fi saurin shiga kunne.

Ba wai zancen ƙayar ƙarya ba ne. Idan ƙaya ta huda tayar, iskar da ke neman fita tana turo ruwan toshiya zuwa bakin hujin, ɓarɓashin ya cushe, robar ta daskare. Sau da yawa mahayin bai ma san an yi ba, sai dai ya ga ɗan danshi a jikin tayar. Ga mai bin daji mai tsidau wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma tayar ta huje, toshewa aka yi, kuma toshiyar tana da iyaka. Hujin da ya wuce milimita 5 ko 6 ruwan ba ya iya masa shi kaɗai, sai ka tsaya ka cusa zaren roba mai danƙo da ɗan tsinken da ake yi dominsa. Idan kuwa dutse ya tsaga gefen tayar, ruwa zai yi ta feshi har ya ƙare.

Sannan tubles tana da nata cututtukan da mai tif bai san su ba. In ka rage iska fiye da kima ka shiga kwana da ƙarfi, leɓen tayar na ɗagawa daga rim na ɗan lokaci, iska ta fita fus, mahaya suna kiran wannan gyatsa. In ka daki dutse da kyau, tunda ba tif, tayar da kanta ce ke datsewa, ko rim ya lotsa, kuma rim da ya lotsa ba ya ƙara riƙe iska yadda ya kamata. Wannan ne ya haifar da soso mai tauri da ake sakawa cikin tayar don kare rim, irin su CushCore, wanda ke dawo da nauyin da aka ce an rage. Zancen nauyin ma a yi masa adalci: tif na taya mai inci 29 yana kai kimanin giram 200, ruwan da za ka zuba a madadinsa kuwa wajen mililita 100 ne ko fiye, ga tef ga bawul. Ragin yana nan amma bai kai yadda ake kururutawa ba.

Babban abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne ruwan nan yana bushewa. Cikin wata biyu zuwa shida, gwargwadon zafi da bushewar iska, sai ya koma dunƙulen roba ko fata manne a cikin tayar. Daga ranar kana hawa taya ce wadda ba tif, ba kuma mai toshe mata huji. Dole ka riƙa girgiza wilin kana sauraron motsin ruwa, ko ka kwance cikin bawul ka duba, ka ƙara. Bawul ɗin ma yana toshewa da busasshiyar roba. Ɗora tayar a karon farko kuma wani aiki ne: leɓenta ba ya hawa gurbinsa sai an watsa iska da yawa lokaci guda, wani sa'in famfon ƙafa ya isa, wani sa'in sai kwamfuresa, har ka ji ƙarar ƙas-ƙas ɗin da ke nuna ya zauna. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Don haka ni ban yarda da raina tif da ake yi yanzu ba. Wanda kekensa ke jingine wata uku kafin ya hau, ko wanda yake bin hanya mai santsi ba duwatsu, ko mai canza tayoyi akai-akai, tif ya fi masa. Ba ya bushewa, ba ya ɓata hannu, kuma da sholisho da ɗan faci an gama. Wanda kuwa yake hawan dutse da gaske kowane mako, yana gangara inda rim ke dukan ƙasa, ban ga hujjar da za ta sa ya zauna da tif ba.

Shi ma wannan na biyun, tif ba ya barin jakarsa. Ranar da gefen taya ya tsage a tsakiyar daji, hanyar komawa gida ita ce ya kwance bawul ɗin tubles, ya zubar da sauran ruwan, ya shimfiɗa wani abu mai tauri a kan tsagar ta ciki, ya saka tif. Kafin ya saka fa, sai ya bi cikin tayar da yatsa a hankali daga farko har ƙarshe, domin duk ƙayoyin da ruwan ya toshe cikin watannin da suka wuce suna nan a soke, tsininsu na kallon ciki, kuma guda ɗaya da aka manta ta isa ta huda sabon tif tun kafin a gama buga masa iska.