Eriogonum fasciculatum: Bokwit ɗin Dajin Kalifoniya

Eriogonum fasciculatum, wanda mutanen yankinsa ke kira bokwit ɗin Kalifoniya, ɗan itace ne gajere mai cunkoson rassa, wanda ke fitowa da kansa a busassun tuddai da gangaren duwatsun kudu maso yammacin Amurka da arewa maso yammacin Meksiko. Ana samun sa a jihohin Kalifoniya da Nebada da Yuta da Arizona, har ya gangara zirin Baha Kalifoniya. Ba tsiron ƙasar Hausa ba ne, amma wanda ya san yadda sabara ke mamaye saura ta yi zamanta ba ruwanta da fari, ya kama hanyar fahimtar halinsa, ko da yake ba su haɗa dangi ba. A yau yana cikin itatuwan gida da aka fi dasawa a lambunan Kalifoniya masu tsimin ruwa.

Suna da dangi

Sunan yana ruɗar mutane. Bokwit ɗin da ake ci, wanda Rashawa ke yin fate da shi, Japanawa kuma ke murza taliyar soba da garinsa, sunansa na kimiyya Fagopyrum esculentum, kuma asalinsa daga ƙasar Sin ne. Shi da na daji gidansu ɗaya, wato Polygonaceae, amma kowa da ɗakinsa. Na dajin ba a noma shi don hatsi.

Masanin tsirrai ɗan Faransa André Michaux ne ya raɗa wa zuriyar suna Eriogonum a littafinsa da ya fito a 1803. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu ne, ɗaya mai nufin ulu, ɗaya mai nufin gwiwa, saboda gashin da ke gaɓoɓin nau'in da ya fara bayyanawa. Shi kuwa fasciculatum, wanda Baturen Ingila George Bentham ya bayyana a shekarun 1830, yana nuni ne da yadda ganyensa ke fitowa a ɗaure kamar ƙananan dammuna. Zuriyar tana da nau'i kusan 250, duka a Arewacin Amurka, mafi yawansu a yammaci. Wanda ya fi kowa wahala wajen tantance su a zamaninmu shi ne Ba'amurke James Reveal, wanda ya rasu a 2015.

Siffa

Tsawonsa kan kama daga gwiwa zuwa ƙirjin mutum, faɗinsa kuwa ya fi tsawonsa, wani lokacin har ya kai mita uku. Ganyen ƙanana ne sirara, da wuya su wuce santimita ɗaya da rabi, gefensu a nannaɗe ya koma ciki, ƙasansu da farin gashi mai laushi. Duk wannan dabarar riƙe ruwa ce: nannaɗewar da gashin suna rage abin da iska da rana ke zuƙewa. In fari ya yi tsanani sai ya kakkaɓe wani ɓangaren ganyen, ya jira.

Furen ne abin kallo. Kowane ɗaya bai fi ƙwayar gero girma da yawa ba, amma sukan taru su yi dunƙule a kan dogon sanda mara ganye, sandunan kuma su rarrabu kamar ƙarafan laima. Suna farawa fari mai ratsin ja-ja, su yi watanni a haka, daga nan su rine su koma launin tsatsa, su bushe a kan itacen ba tare da sun zube ba. Shi ya sa wanda ya bi titunan bayan garin Los Anjeles ko San Diyego a watan Oktoba zai ga gangaren tuddai sun yi jawur kamar an barbaɗa jan ƙasa.

Masana sun raba shi gida-gida. Na bakin teku ya fi kore kuma yakan kwanta. Foliolosum shi ne ya fi yawa a tuddan cikin ƙasa. Polifolium na hamadar Mohabi ne da makamantanta, tokatoka ne saboda yawan gashi, kuma ya fi sauran jure sanyi.

Yanayin da ya saba da shi

Nan ne mabuɗin renonsa gaba ɗaya. A ƙasar Hausa ruwa da zafi tare suke zuwa, rani kuma ya zo da sanyin hunturu. A Kalifoniya abin a juye yake: ruwan sama yana sauka ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin sanyi, sannan daga Mayu zuwa Oktoba da ƙyar a ga ɗigo. A matsakaici, Los Anjeles na samun kimanin milimita 380 ne kawai a shekara, wato ƙasa da rabin abin da Kano ke samu. Saboda haka itacen yana yin girmansa cikin sanyi da danshi, ya yi fure da shigowar zafi, sannan ya lafa. Saiwarsa ba ta san ƙasa mai zafi da jiƙa a lokaci ɗaya ba, kuma wannan haɗin shi ne abin da ƙwayoyin cutar ruɓewar saiwa, irin su Phytophthora, suka fi so. Da wannan dalilin damina irin ta yankin Sahel ba za ta yi masa daɗi ba, duk da sunan da ya yi wajen jure fari.

Shuka da dashe

Wurin da ya dace shi ne fili mai rana tun safe har yamma, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a kanta: jigawa, tsakuwa, ko gangare. Yana haƙuri da laka fiye da yawancin 'yan'uwansa, muddin ba kwari ba ne inda ruwa ke taruwa. Inuwa tana sa shi ya yi zalalo, ya rage fure. Ba a sa masa taki, ba na gargajiya ba, ba na zamani ba. Ƙasa mai ƙarfi tana sa shi saurin girma da rassa marasa ƙwari, ya tsufa da wuri.

Lokacin dashe daga Oktoba ne zuwa Janairu, don ruwan sama ya yi rabin aikin. Masu gandun reno sukan sayar da shi a ƙaramar tukunyar roba mai cin kimanin lita huɗu, kuma ƙaramin ya fi babba saurin kama ƙasa. Ana haƙa rami daidai zurfin tukunyar, a faɗaɗa shi kaɗan, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse, sannan a zaunar da dashen yadda wuyansa zai ɗan ɗara bakin ƙasa da kamar faɗin yatsa. A mayar da ƙasar da aka haƙo, ba wata ba. Binne wuyan shi ne kuskuren farko da sababbin masu lambu ke yi. Na biyu kuwa matse shi kusa da wasu, alhali yana buƙatar aƙalla mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta kowane ɓangare. Wasu kan ajiye dutse a gefensa don saiwa ta samu sanyi a ƙarƙashinsa.

Daga iri ma yana fitowa ba wuya. Ana zage busasshen furen da hannu idan ya yi tsatsa, a murje shi, a yafa shi da ƙaiƙayinsa a kan ƙasa gab da ruwan farko, a danna kawai ba tare da an binne shi da zurfi ba. Ba kowace ƙwaya ce ke da rai ba, don haka ake yafawa da yawa. Wannan nau'in ba ya buƙatar a jiƙa irinsa ko a fasa shi, sabanin wasu danginsa na kan manyan duwatsu waɗanda sai irinsu ya sha sanyi na makonni kafin ya tsiro. Zaɓaɓɓun nau'o'in lambu masu kwanciya a ƙasa, kamar 'Warriner Lytle' da 'Theodore Payne', da yankan reshe ake yaɗa su, domin irinsu ba lallai ya gaji siffar uwar ba.

Ban ruwa

Shekarar farko ce kaɗai yake neman a kula da shi. Bayan dashe, in ba a yi ruwan sama ba, ana shayar da shi kamar sau ɗaya a mako, a riƙa tsawaita tazarar har ta kai mako biyu ko uku a ranin farko. Ƙa'idar ita ce a ba shi da yawa lokaci ɗaya ya ratsa ƙasa, sannan a bari ta bushe, ba yayyafin kullum ba. Kuma da sassafe a rana mai sauƙin zafi, nesa kaɗan da gindin. Daga shekara ta biyu, a kusa da teku ba ya buƙatar komai. A cikin ƙasa inda zafi ya fi, sau ɗaya a wata ya wadatar don ya riƙe korensa.

Abin da ke yaudarar mai lambu shi ne alamar ƙishi da alamar ruɓewa kusan iri ɗaya ne: ganye ya yi rawaya, ya zube. Sai mutum ya ga haka a watan Agusta ya ɗauko tiyo, ya ƙarasa kashe shi. Gwajin mai sauƙi ne, a tona da yatsa a gefen gindin. In akwai danshi, matsalar ba ƙishi ba ce. Wanda aka dasa a bakin ciyawar ado da ake fesa wa ruwa kullum, da wuya ya yi tsawon rai.

Datsa da sauran kulawa

Ba dole ba ne a datse shi. Masu son tsabta sukan cire busasshen furen a ƙarshen shekara, su rage tsawon rassan kaɗan don ya cika. Abin gudu shi ne a sare har cikin tsohon icen da babu ganye, domin sau da yawa ba ya sake tohowa daga nan. Barin furen har cikin sanyi ya fi alheri, tunda ƙananan tsuntsaye na cin irin. Ƙwari ba su cika damunsa ba, in ban da darɓa, wadda ƙananan kiyashin da suka shigo daga Ajantina ke kiwo a kansa. Zomaye kuma kan gwaigwayi sabon dashe.

Yana da aibi guda da ba a ɓoyewa. Tsohon itacen kan tara busassun rassa a cikinsa, kuma yana kama wuta da sauri. Hukumomin kashe gobara a kudancin Kalifoniya suna sa shi cikin itatuwan da ba a so a jikin gida, a yankunan da gobarar daji ke yawan tashi.

Amfaninsa

Masu kiwon zuma a kudancin jihar sun daɗe suna ɗaukar sa ɗaya daga manyan abin dogaronsu, saboda yana fure a lokacin da sauran daji ya bushe. Saiwarsa na riƙe gangare, shi ya sa ake yafa irinsa a gefen manyan hanyoyi da wuraren da aka farfasa. 'Yan asalin yankin, irin su Kahuwiya da Kumeyay, sun riƙa dafa ganye da fure da saiwarsa don ciwon kai da ciwon ciki da mura.

Ba kowane ɗan gida ne ɗan gida ba

Dangin Eriogonum da yawa suna da malam-buɗe-littafin da ya dogara da su kaɗai. A tuddan rairayin da ke bakin babban filin jirgin saman Los Anjeles akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi shuɗi da ake kira da sunan garin El Segundo, wanda aka sa cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa a 1976. A kan furen Eriogonum parvifolium, na bakin teku, yake yin ƙwai, shi tsutsarsa ke ci, shi babban ke tsotsa. An taɓa yafa irin fasciculatum a wannan rairayin don a rufe fili, da tunanin ai duk na Kalifoniya ne. Sai ya zamana yana riga na wurin fure, yana kiwata tsutsotsin wasu ƙwarin dare, waɗanda daga baya suke komawa kan furen da shuɗin ke jira. Dole aka bi shi ana tumɓukewa. Ga kuma wata matsalar: nau'o'in zuriyar suna barbarar juna cikin sauƙi, don haka masu lambun da ke maƙwabtaka da daji ake ba su shawarar su nemi irin da aka tara a yankinsu.

Wasu daga cikin dangin kuwa duniyarsu ba ta wuce gona ɗaya ba. Eriogonum truncatum na Dutsen Diyablo da ke Kalifoniya an daina ganin sa tun 1936, har aka fid da rai, sai a 2005 aka sake cin karo da shi. Eriogonum tiehmii, wanda aka gano a 1983, yana rayuwa ne a kan fili mai kimanin hekta huɗu kacal a gundumar Esmeralda ta jihar Nebada, a kan ƙasa mai ɗauke da ma'adinan litiyom da boron. Gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a Disambar 2022, sannan a Oktoban 2024 ta amince wa kamfanin Ioneer na Ostireliya ya buɗe mahaƙar litiyom a wurin, lamarin da ya kai masu kare muhalli kotu.