Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa a Damagaram

Lafiyar ƙwaƙwalwar yaro ita ce yanayin tunaninsa da abin da ke cikin ransa da yadda yake zama da mutane: ya yi wasa, ya ɗauki karatu, ya samu barci, ya jure ɓacin rai daidai shekarunsa. Fagen ya fi taɓin hankali faɗi nesa ba kusa ba, ko da yake da an ambaci ƙwaƙwalwa sai hankalin jama'a ya tafi kan mahaukacin da ke yawo a Kasuwar Dole ta garin Damagaram.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin a wuce shekara 14. A Nijar kuwa kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba.

Yadda larurar take bayyana

Da wuya yaro ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa. Jikinsa ne ke faɗa: ciwon ciki ko ciwon kai ba zazzaɓi, firgita cikin barci, ƙin abinci, komawa fitsarin kwance bayan ya daina. Manya kuma suna da sunayen da suke rufe abin da su, miskili, sangartacce, mai taurin kai, daƙiƙi. A ɗauki yarinya ƴar shekara 8 da aka kai riƙo bayan auren uwarta ya mutu. Tana shara, tana wanke-wanke, ba ta musu, har ana yaba mata haƙuri. Amma ta daina fita gaɗa da dare, kuma kullum tabarmarta a jiƙe take wayewa. Abin da aka fi yi shi ne a yi mata waƙar tsiya ko a zane ta, alhali fitsarin da shirun tushensu ɗaya.

Abubuwan da ke jawo ta

Mutuwar aure, rashin iyaye, duka, da almajirancin da ke raba yaro da uwarsa tun yana ƙarami suna kan gaba. Akwai auren wuri: UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Yankin Damagaram yana da nasa na daban, wato tafiyar bara zuwa Aljeriya da mata ke yi da yara, musamman daga wajen Kance. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 masu irin wannan tafiya a hamada, fiye da rabi yara. Waɗanda suka je suka dawo da rai ma sun ga abin da ba a cika tambayarsu ba. Tamowa kuma, wato ciwon rashin abinci mai gina jiki, kan rage kuzarin yaro da haɓakar ƙwaƙwalwarsa, shi ya sa wasa da yaro yake cikin maganinta. A cikin gari kuma, gungun samarin da ake kira "pale", waɗanda unguwar Kara-Kara ta yi suna da su, da shan tiramol, sun zama mafakar yaran da ba su da makaranta ba su da sana'a.

Tallafi

Matakin farko yana cikin gida. Kunya kan hana uwa sakin jiki da ɗan fari, har ba ta kiran sunansa, amma al'ada ta bar ƙofa a buɗe ta wajen kaka. Jikan da take tsokana da "maigidana", yana ramawa da "tsohuwa", ya kan faɗa mata abin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba. Goggo da kawu ma haka. Wannan gata yana raguwa inda aka rabu da gandu kowa ya kama gidan haya. Abin da masana ke nema ga babba ba shi da yawa: ya saurara bai katse ba, kada ya yi dariya, kada ya kai maganar gaba, ya kuma bar bulala.

Idan yarinya ta faɗi tana ihu a aji, yawanci aljanu ake zargi, a nufi malam don ruƙiyya da rubutu. Addu'a tana kwantar da hankalin gida, amma farfaɗiya da tsananin fargaba suna iya zuwa da wannan kama, kuma dukansu suna da magani. Ɗaure yaro ko dukansa da sunan fitar da iska ƙara masa ciwo yake yi.

Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar, akasarinsu a Yamai. Saboda ƙasashe irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, don ma'aikacin ƙaramin asibiti ya iya gane larurar, ya ba da taimakon farko, ya tura wadda ta fi ƙarfinsa zuwa babban asibiti. Yaron da ya fara ambaton mutuwa, ko yake ji wa kansa ciwo, ko ya kwana biyu ba ci ba barci, ana kai shi asibiti a ranar, kuma ba a barinsa shi kaɗai.