Rancen Karatu a Ingila ga Ɗalibin da Rashin Lafiya Ta Katse wa Digiri

Ɗalibin da ya bar jami'a a Ingila saboda rashin lafiya, daga baya ya samu sauƙi yana son fara sabon digiri, yakan ɗauka cewa hukumar Student Finance England, mai ba ɗalibai rancen karatu, za ta sake masa lissafi daga farko. Ba haka ba ne. Dokar tallafin ɗalibai ta 2011 ta tanadi cewa rancen kuɗin makaranta yana bin wani lissafi: a ɗauki shekarun sabon kwas, a ƙara shekara ɗaya, sannan a cire shekarun da aka riga aka yi a baya. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ko da 'yan makonni kawai ɗalibi ya yi a cikin shekara kafin ciwo ya kwantar da shi, cikakkiyar shekara ake lissafa masa.

A ɗauka wata ɗaliba ta yi shekara ɗaya, ta shiga ta biyu, ciwo ya tsananta ta janye. Idan sabon kwas ɗinta na shekara 3 ne, shekara 2 kawai na rance suka rage mata, kuma ana fara ba da su ne daga shekarar ƙarshe zuwa baya. Wato shekarar farko ce za ta biya daga aljihunta, har fam 9,535 a zangon 2025/26, a daidai lokacin da take farfaɗowa daga jinya.

A nan ne tanadin dalili mai ƙarfi na ƙashin kai yake shigowa. Idan hukumar ta gamsu cewa rashin lafiya, ko rasuwar makusanci, ko juna biyu ne ya hana kammala kwas ɗin baya, tana iya ƙara shekara ɗaya, wadda za ta cike giɓin wannan ɗaliba. Sai dai ga mai fara sabon kwas shekara ɗaya ce tak, komai tsawon jinyar, kuma a ganina wannan ya yi wa masu ciwo mai tafiya yana dawowa kaɗan.

Nasarar buƙatar tana rataye ne a kan hujja. Ana rubuta wasiƙa mai ɗauke da lambar ɗalibi ta hukumar, a haɗa da takardar likita ko ta jami'a a kan takarda mai tambarin ofis. Takardar da ta ce kawai wance ba ta da lafiya ba ta cika amfani ba. Wadda ake so ita ce mai faɗin lokacin da ciwon ya fara da yadda ya hana ta halartar darasi ko zama jarrabawa, kuma ranakun su dace da shekarar da ta janye.

Rancen kuɗin ɗawainiya, na haya da abinci, ba ya bin wannan lissafi matuƙar ɗalibi bai riga ya samu digiri ba, haka ma alawus na ɗalibai masu buƙata ta musamman. Yankunan Sikotland da Wales da Ireland ta Arewa kuwa kowanne yana da tasa hukumar da ƙa'idojinta.