Albashin masu rubuta manhajar kwamfuta

Albashin masu rubuta manhajar kwamfuta shi ne abin da ake biyan mutanen da sana'arsu ita ce rubuta umarnin da kwamfuta da wayar salula ke bi, ko kamfani ne ya ɗauke su aiki, ko kwangila suke karɓa. Sana'a ce mai tazarar albashi ƙwarai: sai ka ga mutum biyu ƙwarewarsu ɗaya, yaren kwamfutar da suke rubuta umarni da shi ɗaya, amma abin da ɗaya ke samu ya ninka na ɗayan ninki-ba-ninki. Iya aiki na da nasa rabon, sai dai abin da ya fi rinjaye shi ne wanda ke biya, da kasuwar da shi mai biyan ke samo kuɗinsa.

Ƙasa da irin kuɗin da ake biya

Amurka ce kan gaba. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar na watan Mayun 2023 sun nuna matsakaicin albashin masu tsarawa da gina manhaja dala 132,270 ne a shekara, yayin da na waɗanda aikinsu ya fi karkata ga rubuta umarni kaɗai ya tsaya a dala 99,700. Ko a cikin Amurka, yankin San Francisco da biranen Seattle da New York sun fi biya, domin nan manyan kamfanoni ke rububin ma'aikata, nan kuma haya ta fi tsada.

Da aiki daga gida ya yawaita lokacin annobar korona, sai aka shiga muhawara: darajar aikin za a biya, ko tsadar garin da mutum yake? A watan Mayun 2020 Mark Zuckerberg ya shaida wa ma'aikatan Facebook cewa wanda ya koma gari mai sauƙin rayuwa za a daidaita albashinsa da wurin. Kamfanin GitLab ma yana lissafi da inda ma'aikaci ke zaune, yayin da Basecamp ya zaɓi biyan kowa da farashin San Francisco.

A Najeriya batun ya fi fitowa fili ta fuskar canjin kuɗi. A ɗauka wani yana zaune a Kano yana yi wa kamfanin waje aiki kan dala 1,000 a wata. A farkon 2023 wannan kuɗin kimanin naira 460,000 ne a farashin gwamnati. Bayan da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura naira miliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Abokinsa da ke karɓar naira a wani kamfanin gida kuwa, albashinsa na nan yadda yake, ga man janareto da data sun tashi. Wannan ne ya sa kamfanonin gida ke shan wahalar riƙe ƙwararrunsu.

Kamfani da matsayi

Inda manhaja ita ce hajar da ake sayarwa, kamar Google ko Microsoft, mai rubuta ta shi ne ginshiƙin ciniki. A ma'aikatar gwamnati ko makaranta kuwa, ana yi wa sashen kwamfuta kallon wurin kashe kuɗi, albashin ma haka yake bi.

Manyan kamfanoni suna da matakai. A Google wanda ya fito daga jami'a yakan fara a matakin L3, babban injiniya kuma L5 ne. Ba yawan shekaru kaɗai ke ɗaga mutum ba; ana duba girman aikin da zai iya ɗauka shi kaɗai, da ko zai iya jan ragamar wasu. Takardar ɗaukar aiki takan ƙunshi albashin shekara, da garaɓasa, da hannun jarin kamfani da ake damƙa wa mutum kaɗan-kaɗan, galibi cikin shekara huɗu. Amazon ya yi suna da tsarin ba da kashi 5 cikin ɗari a shekarar farko, 15 a ta biyu, sannan 40 da 40, wato wanda ya tafi da wuri ya bar mafi yawan rabonsa a baya. A manyan matakai hannun jarin yakan fi albashin kansa yawa. A sabon kamfani kuwa yana iya zama dukiya, yana iya zama takardar banza.

Kamfanoni ma sukan danne farashi da gangan. An taɓa bankaɗo wata yarjejeniyar sirri tsakanin wasu manyan kamfanonin Kalifoniya cewa babu mai zawarcin ma'aikatan wani. Ma'aikata suka kai ƙara, a 2015 Apple da Google da Intel da Adobe suka amince su biya dala miliyan 415. Wannan ya nuna yadda samun wani kamfanin da ke neman mutum ke ɗaga albashi a sana'ar.

Yare da fanni

Masu koyo sun fi damuwa da tambayar wane yare ya fi kawo kuɗi, alhali tasirinsa bai kai yadda ake zato ba. A binciken shekara-shekara na Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, yarukan da ba su da jama'a da yawa ne ke zuwa sama: Clojure a 2022, Zig a 2023, Erlang a 2024, PHP kuma can ƙasa. Amma masu amfani da waɗannan yarukan galibi tsofaffin hannu ne a ƙasashe masu biya da kyau, don haka ba yaren kaɗai ke jawo kuɗin ba. Ƙarancin masu iyawa dai yana da tasiri: a watan Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, yaren da aka ƙirƙira tun 1959, saboda na'urorin biyan marasa aikin yi, waɗanda ke aiki da wannan yaren, sun kasa ɗaukar nauyi. Fanni ya fi yare tasiri. Tsaron intanet da ƙirƙirarriyar basira sun fi gina shafukan yanar gizo biya.

Hawa da saukar kasuwa

Lokacin da bashi ke da arha, kamfanoni sun yi ta ɗaukar ma'aikata ba ƙaƙƙautawa. Da babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a watan Maris na 2022, sai reshe ya juya da mujiya: Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya sallami mutum 11,000 a Nuwambar 2022, Google 12,000, Microsoft 10,000 a Janairun 2023. Sabbin shiga ne suka fi ji a jikinsu, kuma alamar hakan ta bayyana tun da wuri a Afirka. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa rubuta manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Satumbar 2019, yana mai cewa abokan cinikinsa ƙwararru suke nema. Zuwan GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a 2022, manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke iya rubuta umarnin kwamfuta, ya ƙara matsa wa irin ƙananan ayyukan da ake fara koyo da su.

Akwai kuma ciniki. Wanda bai san farashin kasuwa ba yakan karɓi tayin farko, kuma ɓoye albashi ya daɗe yana cutar da mata musamman. Shi ya sa jihar Colorado a 2021, birnin New York a 2022, da Kalifoniya a 2023 suka wajabta wa kamfanoni su rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girman albashin gurbi a cikin tallar neman ma'aikata.